Ranar juyin juya hali ta wa ce?

A kalandar Masar akwai ranakun hutu har uku da ake kira na juyin juya hali: 23 ga Yuli, 30 ga Yuni da 25 ga Janairu. Ta farko ta 1952 ce, lokacin da Jamal Abdul Nasir da abokansa hafsoshi suka tumɓuke Sarki Faruk. Ta biyu ta 2013 ce, zanga-zangar da ta share wa Sisi hanyar kawar da Mursi.

Ta ukun ce abin dubawa. Asalinta ranar 'yan sanda ce, ta tunawa da 'yan sandan Isma'iliyya da suka ƙi miƙa wa sojojin Birtaniya makamansu a 1952. A 2011 matasa suka zaɓe ta da gangan, suka cika dandalin Tahrir suna kokawa da zaluncin 'yan sandan da ake karramawa, cikin kwana 18 Mubarak ya sauka. Yau ranar na amsa sunaye biyu, amma shagalin gwamnati na 'yan sanda ne. Duk wanda ya fito Tahrir da kwalin zanga-zanga ranar, a hannu zai kwana.

Ra'ayina shi ne, bai dace wanda ya yi juyi ya yanka wa kansa ranar hutu yana kan kujera ba. Gaddafi ya shafe shekara 40 da 'yan kai yana bikin 1 ga Satumba, ranar da ya ƙwace mulkin Libiya, yana faɗuwa aka binne ranar tare da shi. A Ghana kuwa kotun ƙoli ce ta taka wa Shugaba Rawlings burki a 1993, ta ce kashe kuɗin jama'a wajen bikin 31 ga Disamba, ranar da ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati a 1981, ya saɓa wa tsarin mulki. Kuma fa Rawlings na kan mulki aka yanke hukuncin.

Faransawa da ake yawan kafa hujja da su, sai a 1880 suka mai da 14 ga Yuli ranar ƙasa, shekara 91 bayan fasa kurkukun Bastil a farkon juyin juya halinsu, waɗanda suka fasa shi duk sun kwanta dama. A Nijar, gwamnatin Janar Tiani ta mai da 26 ga Yuli, ranar juyin mulkin da ya kawo ta, ranar hutu tun 2024, juyin bai ma cika shekara ɗaya ba. Garajen me ake yi?