Yawon daren Dubai da ake sayar mana a Kano cuta ce

Akwai wata sana'a da ta kunno kai a wasu ofisoshin masu shirya tafiye-tafiye a nan Kano, kuma na gaji da jin ana yi mata shiru. Ka je neman biza da tikitin Dubai, kafin ka tashi daga kujera sai ejan ya zaro waya ya nuna maka bidiyo: dogon bene yana walƙiya, ruwa yana tashi sama yana rausaya, fitilu ta ko'ina. Sai ya ce ai akwai "yawon dare", mota mai sanyi, da ɗan jagora, a zaga da kai gari daga bayan la'asar har sha ɗaya, dala 100 kacal za ka ƙara. Abin da ake yi wa mutanenmu a cikin wannan yawon zamba ce cikin aminci, kuma masu yin ta sun san sarai abin da suke yi.

A duba lokacin da suka zaɓa. Tun watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba a buɗe ba sai a watan Yuli na 2024. Kusan shekara biyu 'yan Kantin Kwari, da masu waya na Farm Centre, da matan da ke saro abaya da gwal suna zaune suna jira. A tsakanin nan dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500. Dirhami kuwa a ɗaure yake da dala, 3.67 ne a kan kowace ɗaya, ba ya motsi. Dala 100 ɗin da ejan yake faɗa kamar kuɗin shan ruwa, dirhami 367 ne, sama da naira 150,000 a ƙarshen 2024. Da aka buɗe hanya kowa ya ɗokanta, biza ta yi wuya, dole ka bi ta hannun ejan, shi kuma ya ga dama ta samu.

Ni ɗan Kwari ne. Dubai ɗin da muka sani ita ce unguwar Deira: layukan Naif, da Baniyas, da kasuwar gwal, da wajen masu kago, wato masu jigilar kaya. Mu sauka, mu sari kaya, mu auna, mu juyo. Da yawanmu mun shekara da shekaru muna zuwa ba mu taɓa tsallakawa ɗaya ɓangaren garin ba, kuma da wannan rashin sanin ake cin mu.

A ƙarshen 2024 na tafi da Gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ta haura sittin, tana sayar da turaren wuta da humra a cikin gida, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Ita ta ga bidiyon a ofishin ejan, ta ce tana son ta ga wannan bene da idonta tun tana da sauran ƙarfi. A gabana ta tambaye shi: "Yaro, ni fa ba na iya doguwar tafiya, kuma ba na wasa da sallah." Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Hajiya, ai ke uwa ce. Mota har bakin ƙofa za ta kai ki. Jagoran ma Bahaushe ne, ɗan Fagge. Har sama za a hau da ke." Ta tura masa kuɗinta, na tura nawa don in riƙe mata hannu. Babu rasidi. Ya ce ai ba a haka tsakaninmu.

Ranar yawon aka ce mu sauko ƙarfe huɗu. Muka zauna a harabar otal har biyar ta gota. Da motar ta zo, a cike take da baƙi daga ƙasashe daban-daban, mu Kanawa kaɗan aka cusa a kujerun baya. Babu wani ɗan Fagge. Direba ne da wani matashi riƙe da takardar sunaye, yana magana da Turanci cikin sauri ta lasifikar da ke shaƙewa. Matan da ke tare da mu ba wadda ta tsinci kalma ɗaya. Ni na koma tafinta da ɗan abin da nake kamawa, ni da na biya a yi mini bayani.

Dubai Frame, wannan ginin mai siffar firam ɗin hoto mai tsayin mita 150, ta taga muka gan shi, motar ko rage gudu ba ta yi ba. Amma da aka zo wani shagon darduma da turare, nan aka kashe mota aka ce kowa ya sauko. Aka rufe mu a ciki kusan awa guda. Ana shimfiɗa mana kafet, ana shafa mana turare a bayan hannu, ana kiran farashin da ya ninka na Deira. Mu fa 'yan kasuwa ne. Matar da ta yi shekara talatin tana haɗa turare ita za a tsare a koya wa ƙamshi? Kowa ya san dalilin wannan tsayuwar: kamasho. Duk abin da baƙo ya saya, akwai kason wanda ya kawo shi. Lokacin da muka saya da kuɗinmu shi aka sake sayarwa ga mai shago.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sallah. A hunturu rana tana faɗuwa a Dubai wajen biyar da rabi, Magariba ta same mu tun muna hanya. Na yi wa matashin magana, ya ce an kusa. Muka fito daga shagon duhu ya shiga. Sai ga mu a gaban Masallacin Jumeirah, farin masallaci mai hasumiya biyu, an haska shi gwanin kyau. Aka tsaya. Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi tana cewa Alhamdulillahi. Matashin ya ɗaga yatsu biyar: minti biyar, hoto kawai, wanda bai dawo ba a bar shi. A ƙofar masallaci fa! Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ina za ta sauka ta nemi wajen alwalar mata, ta yi raka'a uku, ta dawo cikin minti biyar? Ta koma ta zauna. Ina kallonta ta ciro carbi, hannunta yana rawa, ta juya fuska wajen taga don kada in ga idonta. Garin Musulmi, masallaci a kowace unguwa, ɗakin sallah a kowace babbar kasuwa, amma aka hana mu Magariba saboda an ƙarar da lokacin a shagon kafet.

Ban ɗora wa direban da matashin laifi mai yawa ba. Su an ba su jadawali ne na yawon gama-gari, irin wanda ake tallarsa a teburin kowane otal. Washegari na ɗauki takardar tallar na duba, kuɗin bai kai rabin abin da muka biya ba. Wato ejan ɗinmu kujeru ya saya mana a motar haya, ya ninka kuɗin, ya ƙara da alƙawuran da ya san ba wanda zai cika. Riba halal ce, ni ma da ita nake ci. Amma ka faɗi abin da kake sayarwa.

Burj Al Arab, otal ɗin nan mai siffar filafilan jirgin ruwa da aka buɗe a 1999, daga nesa aka nuna mana shi, don ba a shiga sai wanda ya yi rajista tun da wuri. Tsibirin Palm Jumeirah kuwa siffar dabinonsa daga sama ake ganinta, a cikin mota titi ne kawai da gidaje. Aka shiga aka fito. Sauran daren ya tafi a cunkoson titin Sheikh Zayed.

Sai Burj Khalifa, wanda dominsa aka zo. Mita 828, bene sama da 160, an buɗe shi a watan Janairu na 2010, babu ginin da ya kai shi tsayi a duniya. Ba a hawansa sai da tikiti mai lokaci, ana shiga ta cikin Dubai Mall, a kai mutum hawa na 124 da 125. Tikitin ya haura dirhami 150, na lokacin faɗuwar rana ya fi haka tsada. Aka sauke mu can wajen ajiye motoci aka ce minti arba'in. Na tambayi tikitinmu. Matashin ya duba takardarsa ya girgiza kai: babu shi a cikin tsarin. Kamar ka karɓi kuɗin baƙo a kan za ka hau da shi Dutsen Dala, ka kai shi gindin dutsen ka nuna masa da yatsa ka ce ya koma mota.

Kuma wanda bai taɓa shiga Dubai Mall ba ba zai gane nisan ba. Shaguna sama da 1,200 ne a ciki. Daga inda aka ajiye mu zuwa bakin tafkin da ruwan ke rawa tafiya ce mai tsawo ko ga mai lafiya. Akwai keken guragu da ake ba da aro a wajen, ba wanda ya gaya mana. Gwaggo tana tafiya tana dafa bango, ta tsaya, ta ja numfashi, ta ce, "Mu je, ɗan nan, kar mu makarar da mutane." Na kai ta ɗakin sallah tukuna ta rama Magariba ta yi Isha'i. Kafin mu isa bakin ruwan an gama wasan, jama'a suna watsewa. Duk rabin awa ake maimaitawa daga ƙarfe shida na yamma, amma wayata tana ta ƙara, mota za ta tashi. Ta zauna a kan wani dakali ta cire takalmi, ƙafar ta kumbura har igiyar takalmin ta yi mata shaida. Ta ɗaga kai ta kalli benen sau ɗaya, ta ce mu tafi.

Wannan wasan ruwan kyauta ne. A sake ji: kyauta ne, ko sisi ba a biya a tsaya a kalla. Jirgin ƙasan cikin gari, wanda ke aiki tun 2009, yana ɗaukar mutum daga Deira, a canza layi a tashar Union, ya sauke shi a tashar Burj Khalifa da 'yan dirhami kaɗan. Kwale-kwalen katakon da suke kira abra, wanda ke tsallaka mashigin ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai, dirhami 1 ne, kuma da ƙafa ake zuwa daga otal-otal ɗin da muke sauka. To me muka saya da dirhami 367? Ganin titi ta gilashi.

Abin takaicin shi ne garin yana da labarin da Bakano zai so ji fiye da kowa. Kafin fetur, mutanen Dubai masunta ne da masu nutso neman lu'ulu'u, kuma kasuwar lu'ulu'un ta karye a shekarun 1930, suka sha wuya. Sarkin Dubai na lokacin, Sheikh Rashid bin Saeed, shi ne ya yashe wannan mashigin ruwan tun ƙarshen shekarun 1950 don manyan jirage su iya shigowa da kaya, tun ba a ga fetur ba, wanda sai a 1966 aka gano shi. A 1971 aka haɗa daular. Wato fatauci ne ya gina garin kafin mai. Mu da Kasuwar Kurmi take tsaye tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mu da kakanninmu suka karɓi ayarin raƙuma daga hamada, wa zai fi mu gane wannan? Jagora na gaskiya da ya kai su Gwaggo unguwar Al Fahidi, ya nuna musu tsofaffin gidaje masu hasumiyar iska da ake sanyaya ɗaki da su kafin zuwan lantarki, ya sa su a abra da daddare, ya yi musu bayani da Hausa. Hausawa masu zama a Dubai suna nan da yawa. A can ba a aikin jagoran baƙi sai da lasisin hukumar yawon buɗe ido, to a nemo mai lasisi a haɗa shi da tafinta. Ba wuya ce ta hana ba, kuɗin ne ba a son a taɓa.

Da muka dawo Kano na je ofishin. Na zayyana masa komai. Ko a jikinsa. Ya ce, "Alhaji, ai haka tsarin yake, kowa haka ake yi masa. A yi haƙuri." Na ce ina ɗan Fagge? Ya ce ranar ba shi da lafiya. Na ce ina hawa sama? Ya ce shi bai ce da tikiti ba. Na ce Hajiya ta rasa Magariba a kan lokaci. Ya ce ai matafiyi yana da rangwame. Rangwamen da Allah Ya yi wa matafiyi ba naka ba ne da za ka fake da shi ka ci kuɗin tsohuwa.

Kuma yana da gaskiya a abu ɗaya: kowa haka ake yi masa. Na tambaya a layinmu na Kwari, labarin iri ɗaya ne. Amma ba mai magana. Mutum ya dawo ya sa hotonsa a WhatsApp da dogon bene a bayansa, 'yan uwa suna ta masha Allah, ina zai iya buɗe baki ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa? Ga shi ejan ɗin ɗan unguwa ne, ko surukin wani, sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci, kuma gobe ta hannunsa za ka sake neman biza. Wannan kunyar da wannan tsoron su ne jarinsa. Matanmu da tsofaffinmu, waɗanda ba sa jin Turanci kuma ba sa iya ja-in-ja da namiji a ofis, su aka fi yi wa.

Masu wannan sana'a na gaskiya, kuma akwai su, su ya kamata su fara tsawatarwa, don sunansu ake ɓatawa. Ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta ƙasa, NANTA, tana da mambobi a Kano, ya kamata ta sa doka a rubuta wa mai saye abin da ya saya. Duk wanda aka yi wa tayin yawon dare, kada ya tura kuɗi sai an rubuta masa wuraren da za a shiga da waɗanda za a wuce ta gabansu, da ko tikitin hawa Burj Khalifa yana ciki, da inda za a tsaya sallah, da harshen da jagoran ke ji. In ejan ya ce ba a haka tsakaninku, ɗauki fasfonka ka fita.

Ni kam na rubuta ƙorafi zuwa hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Jihar Kano, na haɗa da shaidar tura kuɗi ta banki da saƙon muryar da ya aiko wa Gwaggo yana rantsuwa cewa har sama za a kai ta. Gwaggo ta ce in bar shi da Allah. Na ce mata Allah Ya bar mana hukuma. Matan da muka zauna tare a kujerun baya, in wannan rubutun ya iske ku, kada ku goge saƙonninsa, ku zo mu haɗa takarda ɗaya. Kuɗin Gwaggo nake so ya dawo da su, cif-cif, cikin asusun da suka fito.