Giya ba ta haifar da gudu, inji ne ke haifar da shi

Jiya da daddare ƙanena ya turo mini bidiyon wani Bature da ya cire giyabos ɗin tsohuwar MGB ɗinsa ya dasa mai giya biyar, ya kuma canza aksul ɗin baya. Ƙarƙashinsa ya rubuta: "Yaya, ka ga yanzu sai ta tashi sama." Na ce masa ba inda za ta tashi. Muka yi ta musu har sha biyu, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya sa baki.

MGB ƙaramar motar tsere ce mai kujera biyu da aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980. Injinta lita 1.8 ne, ƙarfin doki 95 ko kusa da haka, giya huɗu, kuma iyakarta wajen kilomita 170 a awa. Aksul ɗinta 3.9 ne, wato sai furofela ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. A giya ta huɗu, duk juyi 1,000 na inji a minti yana ba ka kilomita 29. Buga lissafin da kanka: a 170 injin yana wajen juyi 5,900, ya ɗan haura 5,400 inda ƙarfinsa yake cika. Ka ga waɗanda suka ƙera ta ba da ka suka yi aikin ba, sun daidaita giyar da abin da injin zai iya.

To, sai mutum ya ɗauko aksul 3.07 na MGB GT V8 ta 1973 ya liƙa mata. A takarda abin gwanin sha'awa, kowane juyi 1,000 ya koma kusan kilomita 37. A kan kwalta fa? Kafin ta kai 170 injin yana can wajen 4,600, bai shiga ƙarfinsa ba, iska kuma ta riga ta tokare mata ƙirji. Ka danna totur har ƙasa, allurar maleji ta tsaya cak tana kallonka. Ita V8 ɗin da ke kai 200 da wannan aksul, injinta lita 3.5 ne, kusan ninki biyu.

Iskar nan ita mutane ke mantawa da ita. In kana son ninka gudu, ƙarfin da za ka kashe wajen keta iska ninki takwas ne. Daga 170 zuwa 200 kaɗai kana buƙatar ƙarin sama da kashi 60 cikin ɗari. Wane haƙorin giya ne zai ba ka wannan? Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san zancen: ka sa sarƙa a ƙaramin haƙori kana fuskantar iskar hunturu, cinyarka ce za ta gaya maka gaskiya.

Na taɓa gani da idona a kan 504 ɗin wani abokina, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna. Bakanikensa ya rantse masa cewa in aka sa mata aksul mai dogon zango ba mai kamo shi a hanyar Zariya. Muka ɗauko ta mu biyar da buhun masara a but. A ɗan hawan farko ta fara karkarwa, sai da ya dawo giya ta uku, kuloci na ƙauri, ga wata tsohuwar bas ta wuce mu kwandasta na ɗaga mana hannu. Har muka isa ba wanda ya ce uffan.

Ba wai ina ƙin giya ta biyar ba ne. Giyabos ɗin Ford Sierra da masu MGB ke yawan dasawa, giyarsa ta biyar 0.82 ce, tana rage juyin inji da kusan kashi 18 cikin ɗari. A doguwar tafiya ƙara ta ragu, mai ya ragu, inji ya huta, har ka iya jin abin da na kusa da kai ke faɗa. Wannan riba ce ta gaske. Amma sunanta giyar hutu, kuma a irin waɗannan motoci sau da yawa a ta huɗu ake ƙure gudu. Dogon aksul yana ƙara gudu ne kawai in motarka tana kai jan layi, wato iyakar juyin inji, a giyar ƙarshe alhali da sauran ƙarfi a jikinta, ko kuma ka riga ka ƙara wa injin ƙarfi.

Sannan maleji kan yi ƙarya bayan an canza aksul in ba a gyara shi ba, kuma ko da gudun ya ƙaru, birkin MGB na shekarun 1960 ne.

Ƙanena dai har yanzu bai yarda ba. Da safen nan ya sake turo wani bidiyon, wannan karon Datsun 240Z ce.