Wa ya ce babu 'yan gudun hijira a Kaduna?

Tun da aka yi sulhun Birnin Gwari da 'yan bindiga a watan Nuwamban 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu, wata magana ta samu gindin zama a bakin mutane. Wai ƙura ta lafa, don haka duk wanda ya baro ƙauyensu ya tattara ya koma. Har na ji wani mai bugo waya a rediyo yana cewa mu nan Kaduna ba mu da 'yan gudun hijira, tunda ba a ganin jerin tantuna irin na Maiduguri. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai.

Mai faɗin haka bai taɓa leƙa kangayen bayan Rigasa ba. Ni na leƙa. Gini ne da ya tsaya a linta, rabinsa ba kwano, iyali uku daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Giwa ke ciki. An toshe taga da buhun siminti, tsohon zane ne ƙofa, murhu duwatsu uku a kusurwa. Ba masai, sai yara su zaga bayan katanga. Wata tsohuwa ta nuna mini inda suke jingina da bango in ruwan dare ya sauko, a tsaye suke kwana da jikoki a baya. Da na kawo zancen komawa gida sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, wane gidan? Rumbun ma toka ne."

Rashin sansani bai rage yawansu ba, ya dai ɓoye su daga idon hukuma. Wanda ba ya cikin rajista, buhun shinkafa ba ya zuwa masa, maganin zazzaɓi ba ya zuwa, ɗansa kuma ba mai tambayar ajinsa nawa. Haka mutanen Kajuru da Zangon Kataf suka yi ta kwana a azuzuwan firamare da harabar coci. Sai kuma a zo ana yi mana kirarin zumunci, wai dangi sun ɗauke su. Su wa ne dangin? Mai facin taya ne da ɗaki ciki da falo, wanda bakin mutum goma ya ƙaru masa a dare ɗaya. An ɗora wa talaka nauyin gwamnati, sannan ana yaba masa da haƙuri.

Masu cewa sansani na koya wa mutane zaman jiran sadaka, su fara gwada kwana ɗaya a kango cikin damina.

Shi kuma tsoron komawa ba a sha da cokali a warke. Waɗannan mutane sun ji abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgin soji marar matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 a wajen Mauludi. Sun ji yadda aka kwashe ɗalibai a Kuriga a Maris na 2024. Ba na raina sulhun nan, na san ya sa an koma gona a wurare da dama. Amma Yarjejeniyar Kampala ta ƙasashen Afirka kan 'yan gudun hijira na cikin gida, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ce komawa gida sai da yardar mutum, cikin aminci da mutunci. Kora da baki ba ta cikin wannan.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ta bi unguwa-unguwa da masu unguwanni da limamai da fastoci ta ƙirga su, a ba su katin asibiti, a buɗe wa yaransu aji. Kuma a yi da sauri, domin mai kangon da na shiga ya samu kuɗin kwano, ya ba tsohuwar nan da jikokinta zuwa ƙarshen wata su fita.