Shamuwa ta iso Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau muna fitowa sallar asuba a Birni sai ga shamuwa a kan bishiyar ƙofar masallacinmu, bayanta baƙi, ƙirjinta fari, da kara a baki tana gyaran sheƙar bara. Wani dattijo ya ɗaga kai ya ce, "Alhamdu lillahi, a fara duba iri." Duk ɗan ƙasar nan ya san in ta iso, damina na tafe.

Na daɗe tsaye ina kallonta. Wannan baiwar Allah can kudancin Afirka ta yi rani, ta keto ƙasashe ba guzuri, ba ɗan jagora, ta sauka daidai lokacin da fara za ta fito. Hadisin Sayyidina Umar da Tirmizi ya ruwaito ya faɗo mini a rai. Annabi (SAW) ya ce da muna dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro, da Ya azurta mu yadda Yake azurta tsuntsaye: su yi sammako da yunwa, su dawo da yamma a ƙoshe.

Sammako fa aka ce. Nan ne da yawanmu muke tsallakewa, mu riƙe ƙoshin mu bar fitar.

A watan Oktoban 2022 masana sun bi sawun wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki da suka maƙala wa na'ura. Ya tashi daga Alaska ta Amurka, bai sauka ba sai tsibirin Tasmaniya na Ostireliya: kilomita 13,560 cikin kwana 11, bai ci ba, bai sha ba, ƙarƙashinsa ruwa ne zalla. A lokacin wata biyar ne da ƙyanƙyasarsa. A Kuba kuma akwai tsuntsun da ya fi kowane ƙanƙanta a duniya, nauyinsa wajen giram 2 ne, shi ma wuni yake yana bin furanni ɗaya bayan ɗaya. Ko ungulu da muke rainawa, a 1973 wata ta yi karo da jirgin sama a saman Abijan, a tsayin mita 11,300. Wa ya riƙe ta a can? Suratul Mulki aya ta 19 ta ba da amsa: ba mai riƙe su sai Mai Rahama. Amma ayar ta fara da cewa suna buɗe fukafukai suna naɗewa.

Ƙannena na fada, masu zaman hira da shayi, da ku nake, kuma wallahi ba gori ba ne. Na san aiki ya yi wuya a garin nan, ni ma na yi zaman benci bayan na gama makaranta, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, har la'asar, muna cewa Allah zai kawo. Zuciyata ta san ba tawakkali ba ne, fitar nake tsoro, da kunyar a gan ni ina tura kurar ruwa. Ranar da na tura ta, ranar na fara cin abinci hankalina kwance.

Da hantsi na sake bi ta ƙofar masallacin, sheƙar ba kowa, ta tafi kiwo. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan asuba, ni da ƙanena za mu kai taki gonar mahaifinmu a hanyar Mirriya. Wanda ke da gonar gado da bai leƙa ba tun girbin bara, ya zo mu tafi tare.