Ina kason numfashi?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Makon jiya na halarci walimar suna a Argungu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, ga kifi ɗanye an soya, ga fura da nono a gefe. Muka zauna muka yi ta ci. Da aka kira La'asar muka tsaya sahu, ni kaina sai da na ji ruku'u ya yi mini nauyi, numfashi yana fita da ƙyar. Abin ya tsaya mini a rai har dare. Ni'imar da Allah Ya ba ni don in samu ƙarfin bauta maSa, ita ce ta zo ta tare ni a gabanSa.

Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul A'araf, aya ta 31: "Ku ci, ku sha, kada ku yi ɓarna." Mu da yawa mun ɗauka ɓarna ita ce zubar da abinci a bola kawai. To wanda ya ɗura wa cikinsa abin da ba ya bukata fa? Shi ma zubarwa ya yi, sai dai a jikinsa ya zuba.

Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adi Karib cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ɗan Adam bai taɓa cika wani mazubi mafi sharri kamar cikinsa ba. 'Yan lomomi sun ishe shi su miƙe masa gadon baya. In kuwa babu makawa, to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ku lura da na ƙarshen nan. Kason numfashi shi muka fi cinyewa.

Jiki kuwa yana magana, mu ne ba mu saurare. Likitoci sun bayyana cewa saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa daga ciki. Mai zura loma kan loma yakan share kwano cikin minti 10, don haka kafin saƙon ya iso an riga an wuce gona da iri. Ka sassauta, ɗan uwa. Ka tauna. Ka ajiye hannu tsakanin loma da loma. Za ka ji lokacin da miyar ta rage daɗin da ta yi a lomar farko, hannu ya fara sanyi, ka sauke ajiyar zuciya ba da niyya ba. A nan ake tsayawa. Idan har ta kai ga sassauta tazuge, ko gyatsa na bin gyatsa, an makara. Wani mutum ya taɓa yin gyatsa a gaban Annabi (SAW), sai ya ce masa ya kame gyatsarsa, domin waɗanda suka fi ƙoshi a duniya su ne za su fi daɗewa cikin yunwa ranar Alƙiyama. Wannan hadisi yana ba ni tsoro ƙwarai.

Kuma a ajiye waya lokacin ci. Wanda idonsa ke kan Facebook bai san loma nawa ya kai ba.

Iyayenmu mata, Allah Ya saka muku da alheri, amma idan yaro ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, ku ƙyale shi. "Sai ka cinye" tana koya masa ya ƙaryata cikinsa tun yana ƙarami, ya girma bai san inda ƙoshinsa yake ba. Haka masu masauki. Karamci ne a ce wa baƙo "ƙara mana", amma in ya ce Alhamdulillahi sau ɗaya, a bar shi. Wataƙila yana fama da ciwon suga ko hawan jini, kunya ce kawai ta hana shi faɗa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ka ɗebi kaɗan tukuna, tukunya ba gudu za ta yi ba. Abin da ya rage a rufe shi da faifai. A cikin littafin hadisi na Sahihu Muslim an ce abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, kuma a kowace unguwa ta Birnin Kebbi akwai gidan da yau ba a ɗora tukunya ba. A aika yaro da shi tun bai huce ba, sauran kuma a yi ɗumame da safe.