Sanƙarau: Labarin Dungass ya riƙa isa Maigatari a makon da ya faru

A ƙarshen 2022 sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungass ce ta fi jin jiki. A daidai wannan lokaci ƙananan hukumomin Maigatari da Sule Tankarkar a Jigawa su ma suka shiga annoba, da nau'in ƙwayar cuta iri ɗaya, wato C. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Dangi ne, auratayya ce, kuma kowace Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari tana haɗa mutanen ɓangarorin biyu.

Ra'ayinmu shi ne haɗin kan Najeriya da Nijar kan sanƙarau ya sauko daga manyan taruka zuwa hannun jami'an gundumomin kan iyaka, domin a nan ake yin nasara ko a yi asarar rayuka.

Dalilin yana cikin lissafin kwanaki. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu uku cikin kowane 100,000 da ake zargin sun kamu a mako guda, an kai matakin gargaɗi. Idan suka kai goma, annoba ce. Daga nan ana so a fara allurar rigakafi cikin makonni huɗu, kuma jiki kan ɗauki kwana goma zuwa mako biyu kafin ya samu kariya. A cikin waɗannan makonnin dole a ɗebi ruwan ƙashin baya na marasa lafiya, a kai ɗakin gwaji a gano nau'in ƙwayar, a rubuta wa kwamitin ICG mai kula da rumbun allurar gaggawa na duniya tun 1997, a yi jigilar allurar cikin sanyin digiri 2 zuwa 8. Duk makon da aka ɓata, amfanin allurar yana raguwa.

To yaya labari ke tafiya yanzu? Rahoton Dungass zai bi ta Damagaram zuwa Yamai, daga can zuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan Abuja, Dutse, kafin ya dawo Maigatari, garin da mai babur zai kai a hantsi ɗaya. Wannan rahoto da Faransanci, wancan da Turanci, alhali jami'an biyu Hausa suke yi da juna da kuma majinyatansu. Babu abin da zai hana su musayar alƙaluman mako ta waya kowace Litinin daga Disamba zuwa Yuni, illa rashin takardar izini daga sama. Takardar ce muke nema.

Akwai wani gurbi da ba a cika lura da shi ba. Yaro daga ƙauyen Nijar da aka kwantar a asibitin Najeriya yakan shiga lissafin inda aka yi masa magani. Gundumar da ya fito ba ta san da shi ba, adadinta yana nan ƙasa da matakin gargaɗi, cutar kuwa tana cin unguwarsu. Maganin wannan shi ne rubuta ainihin sunan ƙauye a kan takardar kowane majinyaci, a kuma sanar da ɗaya ɓangaren cikin kwana guda. Haka batun samfuri: kwalbar Trans-Isolate da ake zuba ruwan ƙashin baya ba a sa ta a firji bayan an zuba, domin sanyi yana kashe ƙwayar. Ma'aikacin da ba a horar da shi ba zai yi zaton yana kyautatawa, sakamako ya fito babu komai. Horo guda da Hausa ga ma'aikatan ɓangarorin biyu zai rage wannan asara.

Mun ga ribar tafiya tare. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta bi a 2011, ta kusan kawar da nau'in A, wanda a 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya kaɗai. Mun kuma ga yadda nau'in C ya bayyana a Sakkwato a 2013, ya addabi Nijar a 2015, ya kashe fiye da mutum dubu a Najeriya a 2017. Yanzu ga allurar Men5CV mai kariya daga A, C, W, X da Y, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a Maris 2024, Nijar ta biyo baya. Idan za a yi gangami a Jigawa, a yi shi a mako guda da Dungass da Magarya, kuma kada mai allura ya tambayi kowa katin ɗan ƙasa.

Za a ce siyasa ta shiga tsakani, kuma gaskiya ne: an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ta girmi ECOWAS, kuma ƙasashen biyu suna ƙarƙashin dokokin lafiya na duniya na 2005. Ministocin lafiya biyu za su iya sa hannu kan wannan izini kafin hunturu ya kama, a kuma ajiye ceftriaxone, maganin da ake ba mai sanƙarau, na kwana biyar ga kowane majinyaci a asibitocin kan iyaka tun watan Nuwamba.