Masu Galahanga Suna Iya Kwatanta Motsin Hannu a Zuci

Wasu na ɗauka cewa mai lalurar galahanga (autism) ba ya iya kwatanta motsin jikinsa a zuci. Wani bincike ya nuna ba haka ba ne.

Ga yadda ake gwajin. Ana nuna hoton hannu a fuskar kwamfuta, a juye ta kusurwoyi dabam-dabam, mutum ya faɗi na dama ne ko na hagu. Kafin ya amsa, ƙwaƙwalwarsa kan juya hannunsa a zuci har ya dace da hoton. Shi ya sa amsa ke jinkiri idan hoton ya nuna juyin da wuyan hannu ba ya yi cikin sauƙi.

A 2016 wani mai bincike, Massimiliano Conson, da abokan aikinsa sun gwada matasa masu galahanga da marasa ita: wani lokaci hannu ɗaya a naɗe kan ƙirji, wani lokaci hannuwa biyu a miƙe. Masu galahanga sun iya aikin. Sai dai yadda hannunsu yake a zahiri ya fi tasiri a kansu fiye da takwarorinsu.

Wannan abin lura ne ga mai gwaji. Idan ya bar yaro ya harɗe hannu ko ya zauna a kansa, jinkirin da zai auna na iya fitowa daga zaman yaron. Dole a daidaita zaman kowa kafin a fara.